Kawu Mati da Kukan Ƙafar Baya

Tun da muka dawo daga Katsina ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fada, majalisarmu ta shayi, sai wani ya matso: "Mushe Isuhu, wai yaya tahiyar?" (Mushe, haka ake kiran malamin boko a nan.) In na fara, kafin in kai Ɗan Isa wani ya iso, a ce in koma farko. Labarin ya bi baki har ya yi ƙiba, don jiya na ji ana cewa wai ƙafar motata ta cire ta riga mu shiga Jibiya. To ba ta cire ba. Ga yadda aka yi, na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, tunda rabinku ni na koyar, sauran rabin kuma daga ajina kuka gudu.

Kawu Mati ƙanen mahaifiyata ne, a Safo yake. Shekara arba'in ya yi yana aikin amalanke, yana ɗaukar gero da taki da masu haihuwa, kuma duk amalanken da ta lalace a yankin ƙofar gidansa ake jawo ta. Shekara shida ke nan da yanar ido ta rufe masa idanu. Wani likita a Maraɗi ya duba ya ce na dama ya riga ya tafi, na hagu yana ganin haske, amma yanar ta nuna da yawa, in aka ƙara jinkiri zai bi ɗan'uwansa. Ana cikin haka Ɗan Ladi, ɗan unguwarmu da ke sayar da kifi a Katsina, ya samo mana kati wurin wani likitan ido da ke zuwa can na 'yan kwanaki. Sharaɗin ɗaya ne: ranar Talata kafin ƙarfe shida na yamma mai ido ya bayyana a auna shi a rubuta sunansa, Laraba da safe a yi aiki. Wanda ya makara sai baɗi. Idon Kawu kuwa ba shi da baɗi.

Ni na ce zan kai shi, don ina da mota. Da na ajiye alli na saye ta, tsohuwa ce amma mai mutunci, mutanen gari suka sa mata 'Yar Gata. Sunan ya samo asali ne daga wanka. Kowace Juma'a da hantsi nakan gangara da ita bakin tafki, in shigar da ita ruwa har tsakiyar ƙafafu kamar yadda kowa ke yi a Madarumfa, in bi ta da sabulu da soso. Shekara uku ban taɓa fashi ba. Ranar Litinin, jajibirin tafiya, na yi mata wanka na musamman, na ƙara tura ta ciki don kada a je ƙasar mutane a raina mu.

Akwai wani ɗan gurnani da ta yi wata guda tana yi in ta ɗauki gudu. Na samo masa magani mai sauƙi, ina ƙara muryar rediyo.

Mun tashi Talata bayan asuba. Kawu a gaba kusa da ni, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Matarsa Inna Kande a baya, hannun dama, da kwandon kifi banda na tsaraba, da ƙwaryar fura, da kwanon kwaɗon zogale, kamar waɗanda za su ƙasar da ba a dafa abinci. Ba mu yi nisa da gari ba Kawu ya karkata kai.

"Isuhu, kashe rediyon ga."

Na kashe.

"Motarka kuka takai."

"Kawu, hanya ce. Kwaltar ta tsuhwa."

"Cire giya ka bar ta ta gangara."

Na cire don a zauna lafiya. Inji ya yi laƙwas, amma gurnanin yana nan, wuu-wuu-wuu, yana bin juyin ƙafa.

"To ka ji, ba inji ba ne," in ji shi. "Rulma ce. Ta baya, hannun dama."

Ga waɗanda ba su taɓa buɗe ƙafar mota ba, rulma wani zoben ƙarfe ne mai 'ya'ya a ciki, a kansa ƙafa ke juyawa. Na tambaye shi yadda aka yi ya sani, cikin irin muryar da nake tambayar yaron da ya kwafi lissafi.

"Hanyar ga ramu ce duk. In ka kauce ma rami ka yi hagu, nauyi shi koma dama, sai kukan shi ƙaru. In ka yi dama, nauyi shi sauka mata, sai ta yi shiru. Kuma daga bayan kunnena shi ke zuwa. Jakina ma ya san wannan."

Maganar jakin ce ta ɓata komai. Ni a ƙarƙashin ƙafata ta hagu nake jin abin, a gaba. Ina da tabarau, ina da takardar tuƙi, na yi shekara talatin da ɗaya ina gaya wa mutane amsa suna rubutawa. Shi kuwa shekara shida bai ga ko tafin hannunsa ba, kuma bai taɓa tuƙa abin da ba shi da wutsiya ba. Na tambayi Inna Kande, tunda a kan ƙafar da ake zargi take zaune, ko tana jin wani abu. Ta ce ita tun da muka taso magana take yi, ba ta samu lokacin ji ba.

A Ɗan Isa na tsaya garejin Habu. Habu ɗalibina ne na dā, yanzu ƙato ne mai gemu da iyali. Yana ganina ya jefar da sufana, ya cire hula, ya miƙe tsaye kamar an kaɗa ƙararrawa.

"Habu, rulmar gaba ta hagu za ka canza mini."

"Baya, dama," in ji Kawu daga cikin mota.

Habu ya dube ni, ya dubi Kawu. Ya sa kirik ya ɗaga gaban motar, ya kama ƙafar sama da ƙasa ya girgiza. Ko motsi ba ta yi ba. Ya juya ta, ta juya sumul, ba ƙara. Ya ɗago ya kalle ni da irin kallon da yake yi mini in na ce bakwai sau takwas.

"Yaya?" na ce.

"Awo Mushe. Akwai... akwai ɗan wasa kaɗan."

Na juya wajen Kawu da fara'a, na manta ba ya ganin fara'ar. Awa uku da rabi Habu ya yi yana dukan ƙafar nan da guduma, don ta gaba ba ta fita da lallashi. Kawu ya koma gindin itacen bedi shi da Inna Kande suka buɗe fura. Da aka ciro tsohuwar rulmar ya ce a miƙo masa. Ya sa yatsa a ciki, ya kai ta kunne, ya murza.

"Lahiyarta lau. Kun cire ma mai lahiya haƙori."

Da za mu tafi Habu ya raka ni har ƙofar mota, ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya. "Mushe, in kun samu sarari a leƙa ta bayan ma."

"Koya mini za ka yi?"

"A'a, Mushe."

Ko kilomita biyu ba mu yi ba gurnanin ya dawo, har da ƙari. Na ce sabuwar rulma ce ba ta zauna ba tukuna. 

Iyaka muka isa rana tsaka. A ɓangarenmu ba a daɗe ba. Ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya zura kai ta taga, warin kifi banda da ya sha rana ya tarbe shi, ya janye kan da sauri ya ce Allah ya kiyaye hanya. A ɓangaren Najeriya wani dogo ya fara mana da Turancin Ingilishi, na mayar masa da Faransanci, muka tsaya muna kallon juna, sannan muka tuna dukanmu Hausawa ne. Ya karɓi katin shaidar Kawu, ya dubi hoton da aka ɗauka tun Kawu na da haƙora, ya dubi Kawu.

"Baba, me za a je yi Katsina?"

"Ido za ni amsowa."

Mutumin ya yi dariya har ya dafa mota. Inna Kande ta ji daɗin dariyarsa ta ba shi kifi biyu, bai roƙa ba. Daga nan ta mai da abin al'ada, duk shingen da aka gaishe ta da kyau sai ta miƙa kifi, hanyar kuwa shingayenta sun fi bishiyoyinta yawa. A shinge na uku wanda ya ja mana itacen ya leƙo ya ce, "Malam, boris ɗinka na baya ya tafi fa." Nan na gane rulma in ta ƙetara iyaka boris take komawa. Na gane kuma duk duniya ta ji abin da Kawu ya ji, ban da ni.

Bayan nan gurnani ya zama ƙara irin ta injin niƙa da aka zuba wa tsakuwa. Kawu ya ɗaga hanci.

"Tsaya. Ƙauri ni ke ji."

Wannan karon ban yi gardama ba. Muka fito. Inna Kande ta ce ai ita tun ɗazu take jin ɗumi ta ƙasa, ta ɗauka yajin kwaɗo ne. Ta ɗauki buta ta ɗiga ruwa a cibiyar ƙafar baya ta dama. Ruwan ya ce caaa, ya tashi tururi. Na tsaya ina kallon tururin nan. Da na ƙara minti goma a guje, ko ta kama wuta ko ƙafar ta kama gabanta.

"Kada ka ƙara zuba ruwa, ƙarhe shi tsage," in ji Kawu. "Bar ta ta huce. Sannan mu tahi tahiyar jaki."

Haka aka yi. Mu yi 'yar tafiya, ya ce tsaya, mu tsaya ta sha iska, ya ce tashi. Masu keke suna wuce mu, wata tsohuwa da itace a ka ta yi mana sannu sau biyu. A ranar na tuƙa amalanke mai inji, mai amalanken kuma yana gefe yana ba da umarni.

Ƙarfe uku saura muka shiga Jibiya. Aka nuna mana rumfar wani Malam Audu, siririn dattijo mara yawan magana, wanda alhamdu lillahi bai taɓa zama a ajina ba. Na buɗe baki zan yi masa bayani, ya ɗaga hannu ya ce in bari tukuna. Ya ɗaga bayan motar, ya kama ƙafar sama da ƙasa ya girgiza. Ta yi ta gyaɗa kai ƙwal-ƙwal. Ya kwance ta, ya ɓalle 'yar hular da ke tsakiya, ya zare ƙusar da ke riƙe noti, ya kwance notin, ya jawo gangar birki. Abin da ya zubo ba giris ba ne. Wani jan taɓo ne da tsatsa, da 'ya'yan rulma da suka ƙone suka yi shuɗi. Ya lakato da yatsa ya kai hanci.

"Daga Madarumfa kuke?"

Na ji daɗi, na zaci lafazina ya gane. "Ƙwarai. Yaya aka yi ka sani?"

"Ku ne masu yi ma mota wankan tabki. Ba a wata biyu ban samu ɗayanku ba." Ya nuna mini wani zoben roba da ya taushe. "Wannan shi ke tsare giris. Ka taho da ƙafa da zafinta ka tsoma a ruwan sanyi, sai ta zuƙi ruwa ta nan. Ruwa ya wanke giris, yashi ya zauna ya yi ta niƙa. Sau nawa ka shigar da ita?"

"Kowace Juma'a," in ji Inna Kande. "Jiya ma ya ƙara mata."

Kawu ya yi dariya har da tari. "Mu ko rahi munka ƙetare da damina, a ranar mu ke buɗe ƙahwa mu sa mai. Shi ko mai boko wanka shi ke kai ta."

Dariyar ba ta daɗe ba. Malam Audu ya zazzage akwatinsa, babu irinta. Ya hau babur ya zaga shaguna uku ya dawo hannu wofi. Ya ce motar ta tsufa, irin wannan boris sai Katsina, kuma sai gobe. Na ruga tasha. Mota ɗaya na tarar, babu kowa a ciki, aka ce direban ya tafi gaisuwar mutuwa da makulli a aljihu, yanzu zai dawo. Na san wannan yanzun, mu ma muna da irinsa a gida. Na kawo shawarar babur, Inna Kande ta ce makaho ɗan shekara saba'in ba zai hau bayan babur zuwa Katsina ba sai dai in ita ta mutu. Hanyar kuma ba a bin ta bayan magariba, kowa ya san dalili.

Aka kira la'asar. Muka yi salla a gefen rumfa, ban san me na karanta ba. Da muka sallame Inna Kande ta dube ni, ba wasa a fuskarta.

"Isuhu, in idon ga ya mutu, kai ka kashe shi."

Gaskiya ta faɗa. Awa uku da rabin da na zubar a Ɗan Isa su ne muke nema yanzu. Tsoro ya kama ni, kunya ta fi tsoron. Lokacin da nake yaro, in rafi ya kawo da damina, mutumin nan ne ke ɗora ni a amalanke ya kai ni lakwal don kada in rasa darasi. Karatun da ya kai ni na samo, da shi na rufe masa baki da safe.

Kawu ya juya wajen da yake jin motsin makaniki.

"Malam Audu, garin ga akwai masu haɗa amalanke?"

"Akwai maƙera bayan kasuwa."

"Miƙo min gawar."

Aka sa masa ragowar rulmar a hannu, babba ta ciki da ƙarama ta waje. Ya shafa, ya zura yatsu, ya auna da faɗin babban yatsa. Ya ce ai ƙafar amalanke daga bayan matattun motoci ake ciro ta, kuma irin wannan ya ɗaura ta fi a ƙirga. Ya miƙe ya ba ni kan sanda. Na ja shi, Malam Audu na biye, muka ratsa 'yan tumatir da 'yan buhu har maƙera.

Maƙerin yana da rabin duro cike da tsofaffin rulma a cikin baƙin mai. Ni da na leƙa, duk iri ɗaya na gani. Kawu ya naɗe hannun riga, ya tsuguna, ya tsoma hannu biyu. Ya ɗauko ɗaya, ya zura yatsu, ya jefar. Ya ɗauko wata, ya kai kunne ya murza. "Wagga ta sha yashi." Wata kuma: "Wagga ta yi hwaɗi." Wata: "Wagga ma Madarumhwa ta yi zama." Maƙera suka bar wuta suka kewaye shi. Ni ina duban agogo kamar in na dube shi zai ji kunya ya tsaya. Can ya ware biyu, kowace da kwanon da take zama a ciki, ya murza su a kunne ya daɗe yana saurare.

"Ga su."

Malam Audu ya goge su da tsumma, ya ari tabarauna, ya karanta lambar da ke jikinsu, ya karanta ta jikin gawar. Ya cire tabarau ya dubi Kawu.

"Baba, a ina ka yi karatu?"

"Bayan jaki."

Aikin da ya biyo baya ban taɓa ganin irin saurinsa ba. Zoben tsohuwar ya manne a jikin sandar ƙafa, Malam Audu ya sare shi da kurfi, ya goge wurin har ya yi santsi. Ya fitar da tsofaffin kwanonin daga cikin ganga, ya buga sababbin a hankali, gefe da gefe, har ƙarar guduma ta canza, Kawu ya ce sun zauna. Shi Kawu ya cika tafin hannu da giris yana danna rulma a kai, yana juya ta, har giris ya ɓullo ta tsakanin 'ya'yan. Ni aka ba ni aikin da ya dace da ilimina, riƙe kwanon fetur da wanke noti. Farar rigar da na ɗinka don shiga Katsina ta koma ta makaniki. Aka sa sabon zoben roba, aka mai da ganga. Malam Audu yana ɗaure noti, Kawu yana juya gangar da hannu.

"Ƙara. Ƙara. Ya isa. To sassauta kaɗan, kada ka shaƙe ta."

Aka sa ƙusa, aka rufe hula, aka ɗaura ƙafa. Malam Audu ya girgiza, ba motsi. Ya juya, ba ƙara. Biyar saura kwata. Inna Kande ta juye masa sauran kifin duka, Ɗan Ladi dai kwando ya samu.

Daga Jibiya zuwa Katsina motar ta yi shirun da har ina jin Inna Kande na tauna goro. Ban kunna rediyo ba. Sau biyu Kawu ya sa na tsaya na taɓa cibiyar ƙafar, na ce masa ɗumi kawai, ya ce a tafi. A kowane shinge shi ke magana, ya ce ido za shi amsowa kuma ana rufewa ƙarfe shida, sai a ja itace. Cikin gari kuwa Allah ne ya fisshe mu. Mutanen can da danna oda suke tuƙi, ba da sitiyari ba, ga kekuna masu ƙafa uku suna fitowa ta inda ba hanya. Shida saura minti goma na jawo Kawu cikin asibitin, malamar da ke rubuta suna har ta sa murfin biro. Ta dubi rigata, ta dubi hannun Kawu da baƙin mai har gwiwa, ta ce cikinmu wane ne mara lafiyar. Ta rubuta shi, na ƙarshe a takardar.

Ɗan Ladi ya sauke mu a ɗakin zaurensa, Inna Kande a cikin gida. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, Inna ta ce ba laifi amma tuwon da ba ya riƙe ciki zuwa safe ba tuwo ba ne. Burodinsu ba irin namu dogo mai ɓawo ba ne, wani lallausa ne mai zaƙi, in ka matse shi sai ya ɓace a tafin hannu. Shayi kuma ba a san ƙaramin kofi da zama uku ba, a wani bokiti ake ba ka shi da madara, ka sha ka tashi. Kowa Alhaji ne ko Yallaɓai. Wani maƙwabci da ya ji daga Nijar muke ya tambaye ni ko raƙumi nawa gare ni, ya kuma yi mana barka da zuwa Katsina. Kawu ya ce masa ba a yi wa mutum barka da zuwa gidan kakansa, mu ne Katsinawan farko, aron garin muka ba su. Aka yi ta musu har aka kawo wuta aka ɗauke, aka tada janareto. Kawu ya saurara kaɗan ya ce wa Ɗan Ladi ya duba mai, injin nan ƙishirwa yake ji. Ɗan Ladi ya tashi nan take ya duba, bai tsaya gardama ba, shi da ko aji uku bai gama ba.

Laraba da safe aka shiga da shi. Kafin in gama zagaya barandar sau goma an fito da shi da bandeji, aikin bai kai kwatan lokacin da Habu ya ɓata a ƙafar da ba ta da laifi ba. Alhamis da safe muka koma a buɗe. Ni da Inna Kande muka tsaya a bango, ita tana ta salati. Malamar ta ɗaye bandejin a hankali, ta goge, ta ɗaga hannu.

"Baba, yatsu nawa?"

Ya ƙifta, ya ƙifta. "Ukku. Na tsakiya da zobe."

Inna Kande ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibitin mutane. Ya juya wajen guɗar.

"Kande, ke ce?"

"Wa ka ke tsammani?"

"Lalle hurar da ni ke ragewa ba ta ɓaci ba."

Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ƙulli na tsumma. Ashe gawar rulmar ce ya taho da ita. Ya kwance, ya kai ta kusa da idon, ya juya ta, ya daɗe yana kallon tsatsar da shuɗin ƙunar.

"Haka na ji ta," in ji shi.

Ya ɗago. Idon ya bi ɗakin ya tsaya a kaina. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Wane ne wanga tsoho?"

"Isuhu ne, Kawu."

"Isuhu?" Ya miƙo hannu ya kama gemuna. "Hurhura har haka, kuma har yanzu ba ka jin magana?"

Na buɗe baki in ba da amsa, kamar yadda na saba, sai kuka ya zo a maimakonta. Na durƙusa a gabansa ina yi, shi kuma yana dafa kaina da hannun da har lokacin giris bai gama fita daga farcensa ba.

A hanyar dawowa na tsaya Ɗan Isa na ce wa Habu, a gaban mutane, ni na yi kuskure, kuma daga yau in na faɗi abin da ba daidai ba ya yi mini gardama. Ya cire hula ya ce, "To, Mushe."

'Yar Gata yanzu a ƙofar gida take wanka, da bokiti, kamar kowace tsohuwa. Masu kai nasu tafki na gaya musu, sun ce tsufa ne ya sa nake tsoron ruwa. Malam Audu na nan yana jiransu.

Juma'ar da ta wuce ina cikin wankin sai na ji takun jaki. Na ɗago na ga amalanke ta shigo layinmu, Kawu Mati a kai da baƙin tabarau, linzami a hannunsa, shi kaɗai tun daga Safo. Ya tsaya daidai ƙofata, ya dubi motar, ya dubi bokitin.

"Masallaci za ni. Hau in kai ka."

Na ajiye soso na hau. Na zauna a baya, hannun dama, daidai kan ƙafa, na kasa kunne har muka isa. Ban ji komai ba sai kofaton jaki.